Jakar Yuro Miliyan 8 da Motar Yuro Miliyan 135: Adana Tarihi ko Wasan Attajirai?

Ranar 10 ga Yulin 2025, a zauren kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin Paris, aka fito da wata baƙar jakar mata ta fata wadda ta sha jiki. Fatar ta goge, ga tabon inda aka taɓa liƙa takardun ƙungiyoyin agaji aka ɓare, ga ɗan abin yanke farce yana reto a jikin maratayinta. Aka buɗe tayi da yuro miliyan 1. Mutum tara suka yi ta ƙari, kuma cikin kamar minti goma mai gwanjo ya buga guduma a kan yuro miliyan 7. Da aka ɗora la'ada, wani kamfanin Japan mai suna Valuence ya biya kusan yuro miliyan 8 da dubu 600, wato sama da dala miliyan 10.

Jakar ita ce ta farko da kamfanin Hermès ya ɗinka wa Jane Birkin, mawaƙiya kuma 'yar fim haifaffiyar Ingila da ta yi rayuwarta a Faransa. A farkon shekarun 1980 ta zauna kusa da shugaban kamfanin, Jean-Louis Dumas, a cikin jirgin sama, ta koka masa cewa ta rasa jakar da za ta ɗauke tarkacenta. Daga wannan hira aka samo samfurin da har yau yake ɗauke da sunanta.

Duk yawan wannan kuɗi, bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka biya a birnin Stuttgart na Jamus ranar 5 ga Mayun 2022 ba. A ranar, kamfanin Mercedes-Benz ya sayar da motarsa ta 1955 mai suna 300 SLR Uhlenhaut Coupé a kan yuro miliyan 135. Guda biyu kacal aka ƙera, kuma ba su taɓa shiga tsere ba, domin a ƙarshen shekarar kamfanin ya janye daga tseren motoci, watanni kaɗan bayan haɗarin Le Mans da ya kashe mutum fiye da 80. Injiniyan da aka sa wa motar sunansa, Rudolf Uhlenhaut, sai ya riƙa zuwa aiki da ɗaya. Ban da jakar da motar akwai agogon Rolex na ɗan fim Paul Newman, dala miliyan 17.8 a 2017, da rigar sanyin Gimbiya Diana mai zanen tumaki, wadda ta haura dala miliyan 1 a 2023.

Ba wanda ke cewa fatar jakar ko ulun rigar ne suka kai wannan daraja. Abin da ake saye shi ne salsala: wa ya ƙera, wa ya riƙe, guda nawa suka rage, kuma wace takarda ce shaida. Inda ake ja-in-ja shi ne ko wannan kasuwa tana yi wa kayan da jama'a wani amfani.

Masu kare ta da tsatsa suke fara hujjarsu. Ƙarfe yana ruɓewa, asu yana cin ulu, siliki yana tsagewa don kansa idan ya tsufa, kuma gyaran tsohuwar motar tsere yana iya cin kuɗin gina gida. In babu farashin da zai sa wani ya ga ribar wahala, in ji su, ƙarshen waɗannan kaya wurin 'yan gwangwan ne. Misalinsu shi ne wata Ferrari 500 Mondial ta 1954 da aka kai gwanjo a Monterey ta jihar Kalifoniya a Agustan 2023. Gangar jiki ce lanƙwasasshiya mai tabon wuta, ba ta ko motsi, amma aka saye ta kusan dala miliyan 1.9, saboda lambar da ke jikin ƙarfenta ta tabbatar da asalinta.

Kuɗin kuma ba a zauren gwanjo yake tsayawa ba. Akwai masu bugun alminiyon da guduma su fitar da jikin mota kamar yadda ake yi kafin zuwan injinan zamani, akwai masu ɗinkin kujerun fata, da makanikan da suka san sirrin kafireto, sana'o'in da tuni masana'antu suka daina buƙata. A 2006 kamfanin Ferrari ya buɗe sashe na musamman mai suna Classiche don gyara tsofaffin motocinsa da ba su takardar shaida. A Ingila, kowace Satumba, a bikin Goodwood Revival, masu irin waɗannan motoci sukan zuba su a fili su yi tsere na gaske, har da karo, dubban 'yan kallo suna ihu.

A fagen sutura, hujjarsu mafi ƙarfi mutum guda ne: Azzedine Alaïa, telan nan ɗan asalin Tunisiya da ya yi suna a Paris. Tun daga 1968, lokacin da gidan ɗinki na Balenciaga ya rufe, ya fara tara tsofaffin rigunan manyan teloli, yana bin gwanjo yana saye a ɓoye, a zamanin da mutane da yawa ke ɗaukar rigar bara a matsayin tsumma. Da ya rasu a 2017 ya bar kaya kimanin 20,000, kuma a 2023 gidan tarihin sutura na Palais Galliera ya baje wani ɓangare nasu ga jama'a. Da wuya a ce wani ma'aikacin gwamnati zai sami kasafin da zai yi wannan aiki na shekara kusan hamsin.

Sai kuma inda kuɗin yake zuwa. Mercedes-Benz ya ce da kuɗin motar Uhlenhaut zai kafa asusun tallafin karatu ga matasa a fannin muhalli. A Fabrairun 2025, gidan tarihin filin tseren Indianapolis na Amurka ya sayar da wata Mercedes W196 ta 1954 a kan sama da yuro miliyan 51 don ya sami abin riƙe kansa. Ita ma Jane Birkin, a gwanjon tara kuɗin yaƙi da ƙanjamau ta rabu da jakarta a 1994.

Masu suka sukan fara da kalma ɗaya, almubazzaranci. Yuro miliyan 135 a kan motar da ba za ta kai kowa asibiti ba, a duniyar da ake kwana da yunwa? Magana ce mai nauyi a zuciya, kuma duk mai imani zai ji ta. Sai dai ba gwanjo kaɗai take tuhuma ba. Ta shafi jiragen ruwa na shaƙatawa da gidajen da ba a kwana a ciki. Masu kare kasuwar kuma suna da amsa a shirye: kuɗin ba ƙona shi aka yi ba, daga aljihun wani attajiri ya koma wani wuri, wani lokacin ma wuri mai amfani. Idan a nan muhawarar ta tsaya, kowa zai tashi da ra'ayin da ya zo da shi.

Tambayoyin da suka fi wuyar amsawa sun shafi abin da ke faruwa bayan an buga guduma. Har yau ba a sanar da sunan wanda ya sayi motar Uhlenhaut ba. Wani dillali ɗan Ingila, Simon Kidston, shi ya taya masa, a gwanjon da sai wanda aka gayyata yake shiga. A wannan karon an yi sa'a, domin mai sayen ya amince a riƙa nuna motar a wasu lokuta na musamman, kuma 'yar'uwarta tana gidan tarihin kamfanin. Yawancin ciniki babu irin wannan sharaɗi. A 1990 wani hamshaƙin Japan, Ryoei Saito, ya sayi zanen Van Gogh na likita Gachet a kan dala miliyan 82.5, ya ce yana so a ƙone gawarsa tare da shi, daga baya ya ce wasa yake yi. Tun daga lokacin jama'a ba su sake ganin zanen a wani gidan tarihi ba. A birnin Geneva akwai manyan rumbunan ajiya inda kaya masu tsada ke zama cikin akwatuna shekara da shekaru ba a biya musu kuɗin fito ba, wani lokaci har su sauya mai su ba tare da an buɗe akwatin ba.

Kuma mai tara kaya ba kullum yake zama mai kula da su ba. A 2014 aka gano motoci kusan 60 a ƙarƙashin rumfunan kwano a wani gida da ke yammacin Faransa. Wani mai kamfanin sufuri, Roger Baillon, shi ya tara su da niyyar buɗe gidan tarihi, kasuwancinsa ya karye a shekarun 1970, motocin suka zauna ruwa na dukansu, tsirrai suna ratsa jikinsu. Kamfanin Artcurial ya yi gwanjonsu a Fabrairun 2015, wata Ferrari da aka samu a ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu ta tashi a kan fiye da yuro miliyan 16. Masu kare kasuwa suna kiran wannan ceto. Masu suka suna tambaya: a hannun wa suka lalace tun farko?

Rigar Marilyn Monroe ta nuna wata fuskar matsalar. Ita ce ta sa a watan Mayun 1962 ranar da ta yi wa Shugaba Kennedy waƙar zagayowar ranar haihuwa, riga mai ƙananan duwatsu masu ƙyalli fiye da 2,500. An sayar da ita kusan dala miliyan 1.3 a 1999, sannan kamfanin nune-nune na Ripley's ya saye ta dala miliyan 4.8 a 2016. A Mayun 2022 kamfanin ya ara wa Kim Kardashian ta sa na 'yan mintoci a bikin Met Gala. Masana adana sutura suka yi ca, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da sanarwa cewa bai kamata kowa ya sa suturar tarihi ba, hotuna suka yaɗu ana nuna inda aka ce ɗinki ya saki. Ripley's ya musanta cewa rigar ta lalace a daren. Ko wane ne mai gaskiya, babu dokar da ta hana shi, domin kayansa ne.

Masu kare gwanjo suna alfahari da cewa ciniki ne a fili: kowa yana gani, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Wannan ikirari yana buƙatar a duba shi da kyau. Yawancin kaya suna da mafi ƙarancin farashin da masu su suka gindaya a asirce, kuma a wurare da dama doka ta yarda mai gwanjo ya nuna wani lungu na zaure ya kira tayin da babu wanda ya yi, har farashi ya kusa wannan iyaka. Malaman fiƙihu sun halasta cinikin wa-zai-ƙara, amma sun haramta najashi, wato mutum ya taya kaya ba don ya saya ba sai don ya ruɗi wani ya ƙara. Kamfanonin za su ce sun rubuta wannan tsari a cikin sharuɗɗan ciniki, don haka ba yaudara ba ce. Wanda ke cikin zaure zuciyarsa na bugawa, ba sharuɗɗa yake karantawa ba.

Tarihin manyan gidajen ma ba fari fat yake ba. Sotheby's, da aka kafa a Landan a 1744, da Christie's na 1766, an kama su suna haɗa baki wajen tsayar da la'adar da suke karɓa daga masu kaya a shekarun 1990. Suka biya diyyar dala miliyan 512, shugaban Sotheby's Alfred Taubman kuma kotu ta same shi da laifi a 2001, ya yi zaman gidan yari.

Jabu kuwa yana bin kuɗi duk inda ya nufa. A Nuwamban 2021 kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da agogon Omega Speedmaster na 1957 a Geneva a kan fiye da dala miliyan 3. Mai sayen shi ne kamfanin Omega da kansa, don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon harhaɗe-harhaɗe ne na sassan agoguna daban-daban, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Idan wanda ya ƙera agogo zai iya sayen jabunsa, sai a yi tunanin halin baƙo mai kuɗi da ya shigo kasuwar jiya.

A kan batun jari, kowane ɓangare yana da shekarar da yake son ambata. Ferrari 250 GTO guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, kuma a 2018 ɗaya ta tashi a kan dala miliyan 48.4. Amma bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988 farashi ya yi tashin gwauron zabi, wani ɗan Japan ya biya sama da dala miliyan 13 a kan irin wannan mota a 1989, kuma shekara biyar bayan haka, da kasuwa ta faɗi, wajen dala miliyan 3 aka sayar da ita. Mota ba ta haihuwa, ba ta biyan haya; inshora da gareji da makaniki ne suke cin mai ita kowace shekara.

Sannan ga kuɗin da ba a san asalinsu ba. A Satumban 2019 kamfanin Bonhams ya yi gwanjon motoci 25 na alfarma a kusa da Geneva, waɗanda hukumomin Suwizalan suka ƙwace daga Teodorin Obiang, mataimakin shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini kuma ɗan shugaban ƙasar. An tara kimanin dala miliyan 27 da aka ce za a kashe a ayyukan jin ƙai a ƙasarsa. Shi ɗin dai tsohon abokin cinikin masu gwanjo ne: yana cikin waɗanda suka sayi kaya a babban gwanjon kayan tela Yves Saint Laurent a Paris a 2009, ya kuma tara kayan mawaƙi Michael Jackson. Sai daga 2020 Tarayyar Turai ta tilasta wa dillalan kayan zane-zane tantance abokan cinikinsu idan ciniki ya kai yuro 10,000.

Idan aka auna duka, masu kare kasuwar suna da gaskiya mai yawa a inda kayan na masana'anta ne kuma mai shi sananne ne. Mercedes ya sayar da motar da ya ƙera, Jane Birkin ta bayar da jakarta da hannunta. Ba a zalunci kowa ba, kuma babu al'ummar da ta yi asarar wani abu nata. Hujjarsu tana raunana ne a lokacin da mai sayarwa bai san abin da yake riƙe da shi ba, ko kuma tun asali akwai tambaya a kan yadda kayan ya zo hannunsa.

A 2021 wasu tsofaffin ma'aurata a kudancin Faransa suna kwashe tarkacen gidansu, suka sayar wa wani dillali da wani abin rufe fuska na katako a kan yuro 150. Kakan mijin, wanda ya yi gwamna a zamanin mulkin mallaka, shi ya kawo shi daga Afirka. Ashe na ƙungiyar asiri ta Ngil ne ta ƙabilar Fang a Gabon, irinsa kaɗan ƙwarai suka rage a duniya. A Maris na 2022 aka yi gwanjonsa a Montpellier a kan yuro miliyan 4.2. Rashin sani ya fi dare duhu. Tsofaffin suka kai ƙara, gwamnatin Gabon ma ta shigo tana neman a dakatar da komai a mayar mata da kayanta. A Disamban 2023 kotun garin Alès ta kori buƙatun biyu, ta ce ma'auratan ne suka yi sakacin bincike.

Nijar ma ta ɗanɗana. A Nuwamban 2023 wani mai farautar duwatsun sama ya tsinci dutse mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadez, wanda masana suka ce shi ne yanki mafi girma na duniyar Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa. Ya bi ta Italiya ya isa New York, inda Sotheby's ya sayar da shi ranar 16 ga Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3 har da la'ada. Kamfanin ya ce an bi duk ƙa'idar fitar da shi. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu daga ƙasar. Mai sayen bai bayyana kansa ba.

Ƙasashen da suka fi cin moriyar wannan kasuwa su ne suka fi sanin yadda ake yi mata linzami, kuma labarin 'yan'uwan nan biyu, Hans da Fritz Schlumpf, ya nuna haka. Masu masaƙu ne a yankin Mulhouse na Faransa, waɗanda suka shafe shekaru suna sayen tsofaffin motoci a ɓoye har suka tara ɗaruruwa, ciki har da Bugatti fiye da 100, suna jibge su a wani tsohon ginin masana'anta. A 1976 masaƙun suka durƙushe, ma'aikata suka rasa aiki. A Maris na 1977 ma'aikatan suka kutsa ginin suka ga inda dukiya ta tafi, suka mamaye shi, suka buɗe wa jama'a ƙofa. 'Yan'uwan sun riga sun tsallaka Suwizalan. A 1978 gwamnati ta sa motocin cikin jerin kayan tarihin ƙasa, abin da ya hana a watsa su ƙasashen waje, kuma a 1982 wurin ya zama gidan tarihin motoci na ƙasa. Ba don haukan tarin 'yan'uwan ba, da motocin ba su haɗu wuri ɗaya ba. Wannan maki ne ga masu kare attajirai. Amma ma'aikata da doka ne suka mayar da su abin da ɗan makaranta zai sayi tikiti ya gani.

Faransa tana da wani makamin tun 1921: da zarar an buga guduma, wakilin gwamnati yana iya miƙewa a zaure ya ce ƙasa ta karɓi kayan a kan farashin ƙarshe, mai tayin ya haƙura. Birtaniya tana iya jinkirta fitar da kaya mai muhimmanci don a ba gidajen tarihinta damar tara kuɗi. Waɗannan dokoki ba su kashe kasuwa ba, Paris da Landan suna nan suna gwanjo kowane mako. Sai dai ikonsu a kan iyakar ƙasa yake tsayawa, kuma ƙasar da kayanta ya riga ya tsallake teku ba ta da wakilin da zai miƙe a zauren wani.

Abin da ya rage mata shi ne ta shiga layi da jakar kuɗi. A Oktoban 2023, da labari ya isa Dakar cewa za a yi gwanjon lambobin girma da alƙaluma da sauran kayan tsohon shugaba Léopold Sédar Senghor a birnin Caen na Faransa, gwamnatin Macky Sall ta nemi a dakatar, aka zauna aka yi ciniki, Senegal ta biya yuro dubu 240 ta karɓi kayan shugabanta na farko. Gabon ba ta sami ko wannan damar ba, ita kuwa Nijar sai bayan an sallama dutsenta ta fara bin sawun yadda ya bar Agadez.